Kwamfutar Baba Sito

Abin ya faro ne ranar da kwamfutar reshen bakin kasuwa ta kulle kanta. Wani ya buɗe saƙon da bai kamata ya buɗe ba, manhajar da ke cikin kwamfutar kuma ta fi shekara rabonta da sabuntawa, sai ɓarna ta tarar da ƙofa a buɗe ta yi shigewarta. Yini guda cur ba a sayar da ko ƙusa ɗaya ba a reshen. Kamfanin kuwa na kayan gini ne, fenti da bututu da kwanon rufi da makullai, irin wurin da magini zai zo da safe yana sauri, in ka ce masa kwamfuta ta lalace ya dube ka kamar ka zage shi.

Washegari Manaja ya aika a kira masa Injiniya. A takarda ba injiniya ba ce, kwas ɗin kwamfuta ta yi, amma a kamfanin duk wanda ya iya hana firinta cin takarda ya zama injiniya, sunan kuma ya bi ta. Ita kaɗai ke kula da kwamfutocin hedikwata da na rassa. Ta shigo da tarin filas ɗinta, 'yan na'urorin nan na ɗaukar bayanan kwamfuta, rataye a wuya, an zura su a zobe ɗaya da makullin ofishinta da wani ɗan sukundireba, duk takun da ta yi sai sun yi kacau-kacau.

"Zauna," in ji Manaja. "Wannan yawon da kike yi da kaya a wuya kamar mai tallan makullai ya isa haka. An ce akwai manhajojin da ke wannan aikin. Kina zaune a kujerarki ki danna, kowace kwamfuta ta karɓi abin da ya kamata ta karɓa, ta sabunta kanta. Ko ƙarya aka yi mini?"

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Suna da yawa ma."

"To ki duba ki zaɓo mana ɗaya kafin ƙarshen wata. Ina so kowace kwamfuta ta zama daidai da 'yar'uwarta. Ba na son in ji ta wane daban, ta wane daban."

Gaskiya ce ya faɗa, ita ma ta sani. Ta gaji da bin tebur-tebur tana roƙon mutane su ɗaga mata kujera, ta gaji da masu cewa ta dawo anjima, anjimar da ba ta zuwa, ta gaji da shiga motar haya zuwa reshe don ta danna maɓalli biyu ta dawo. Da a bara waccan aka ba ta wannan umarnin da ta yi rawa. Amma maganarsa ta ƙarshe ta tsaya mata a rai, domin akwai kwamfuta ɗaya a kamfanin da ba ta yi kama da sauran ba, kuma ita ta mayar da ita haka da hannunta. Kwamfutar mahaifinta ce.

Baba Sito ake ce masa. Yana riƙe da siton kamfanin tun kafin a sayi kwamfutar farko, shi ya nemo wa 'yar autarsa aikin, shi kaɗai ne kuma ba ya kiranta Injiniya, Auta yake ce mata. Siton doguwar rumfa ce a bayan fili, kullum cikin warin fenti da ƙarfe. Daga bakin ƙofa aka yanke masa wani ɗan ɗaki mai taga da sandunan ƙarfe, a ciki akwai tebur da fanka da rediyo da firinta. Direbobi na tsayawa ta waje a bakin tagar, shi yana ciki, allon kwamfutar na kallonsa.

Yana da wata doka da kowa ya sani. Duk direban da ya zo da takardar oda sai ya karanta masa ita da baki, kaya kaza, adadi kaza, reshe kaza. In ka miƙa masa takarda shiru, zai tura maka abarka ta ƙarƙashin taga ya ce, "Ba na karɓar takarda bebiya. Faɗi abin da ka zo ɗauka, kunnenka ya ji bakinka." Direbobi na yi masa tsiya a kan haka, suna kwaikwayon muryarsa a wajen shan shayi, amma suna bi. Kana faɗa yatsunsa na gudu a kan kibod, kafin ka rufe baki firinta ta fara kuka, ya yage takardar fitar da kaya ya miƙo maka. Kowa ya ɗauka tsaurin mutanen da ne.

Abin da Auta ta sani, sauran ba su sani ba, shi ne idon Baba na tafiya. Ita ta kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a riƙa ɗiga magani don a riƙe abin da ya rage. Kamfanin kuma na da ƙa'ida, tun da motar ɗaga kaya ta taɓa take wani lebura: wanda ba ya gani sosai ba ya aiki a sito. Suna fitowa daga asibitin Baba ya tsaya a bakin titi ya ce mata, "Ko Yayanki kada ya ji." Ta ce to. Tun rasuwar Inna siton nan ne kaɗai ke tayar da shi daga kan gado. Ya taɓa ce mata, yana dariya amma ba wasa yake ba, ranar da aka zaunar da shi a gida a fara neman likkafani.

Sai ta yi abin da ta iya. Ta saka masa manhajar ƙara girman rubutu, wadda ba ta cikin abin da kamfani ya amince da shi. Ta mayar da bangon allon baƙi, rubutun fari. Duk Talata takan gangara sito, ta ɗan ƙara wa haruffan girma. Tun kafin ta iso ƙofa, ko kai bai ɗago ba, zai ce, "Auta, shigo." Ta tambaye shi, "Baba, kana gani?" Ya ce, "Tar nake gani." Abu ɗaya ne bai yarda ta taɓa ba, manhajar lissafin kaya. Da ta kai hannu zai ce, "Bar mini wannan, tana aikinta." Ta bar masa. Ta ɗauka taurin kan tsufa ne, irin na mutumin da ba ya canza wanzami.

Ta shafe makonni tana gwada manhajoji. Ta tace su har suka rage uku, ta raɗa wa kowace suna a ranta, don sunayensu na ainihi duk kama suke da juna.

Ta farko Soja. Ka ba ta jerin abin da aka yarda da shi, ta bi kwamfutoci ta saka, duk abin da ta tarar wanda ba ya cikin jerin ta tuge shi, ba tambaya ba sallama. Ita ta fi araha, ita ta fi sauƙin kafawa. Ta biyu Mai Gulma. Wannan kyakkyawa ce, ga launuka ga zane-zane, ba ta cire komai, amma duk mako sai ta aika wa shugaba rahoto: kwamfutar wane na da kaza wanda sauran ba su da shi. Wani saurayi mai kwat ya zo ya yi tallanta a ɗakin taro, bakinsa kamar an shafa mai, Manaja na ta gyaɗa kai. Auta na zaune a gefe tana hango rahoton farko a ranta, da sunan sito a samansa.

Ta uku ta sa mata Mai Kawaici. Mummuna ce, in ka buɗe ta kamar ka shiga tsohon gareji, kafa ta kuma sai mutum ya yi gumi. Amma tana bari ka kasa kwamfutoci rukuni-rukuni, kowane rukuni da tasa dokar. Muddin kwamfuta na bin dokar rukuninta, ɗigon kore za ta nuna ta yi shiru da bakinta.

Ranar yanke shawara Akanta, mai riƙe lissafin kuɗin kamfani, ya tsaya a kan Soja, shi da ma duk abin da ya fi araha ɗan'uwansa ne. Manaja ransa na kan Mai Gulma. Auta ta miƙe ta yi bayani, muryarta ko rawa ba ta yi. Ta ce rassa ba su da sabis mai ƙarfi, Mai Kawaici ce kaɗai ke iya jira ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ta ce kwamfutar haɗa launin fenti na da manhajarta ta daban, Soja zai tuge ta a ranar farko. Ta ce in sabuntawa ta zo da matsala, Mai Kawaici na iya mayar da kwamfuta yadda take a da cikin ɗan lokaci, sauran biyun ba sa iyawa. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ta faɗa. Dalilin da ya fi duka ne kawai ta haɗiye.

"Ke kika san aikinki," in ji Manaja daga ƙarshe. "Amma manhajar lissafin kaya, wannan ba rukuni ba alfarma. Ta kan tsohuwarta aka shigo mana a reshen kasuwa. Kowa ya koma sabuwa, rana ɗaya."

"Haka za a yi, ranka ya daɗe."

Ta fito tana jin kamar an sauke mata dutse daga ka. Ta zauna ta kasa rukunai: na rassa, na ofis, na fenti. Can ƙasa ta ƙirƙiri wani mai kwamfuta ɗaya tal, ta sa masa suna Sito, ta rubuta masa dokarsa: kada a taɓa manhajar ƙara girma, kada a taɓa baƙin bango. Sannan ta ɗauko sabuwar manhajar lissafin ta gwada a tata kwamfutar da duk saitin Baba. Ta riƙe linzamin kwamfuta ta danna wannan gurbi ta cika, ta danna wancan ta cika, komai ya tafi daidai. Ta lura an sauya wa guraben wuri, na reshe ya dawo gaban na adadi, amma ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, tunda ga sunan kowane gurbi ɓaro-ɓaro a samansa. Har ta samu wani saiti da ke sa saƙon gargaɗi ya cika allo da jan rubutu, ta kunna masa, tana jin daɗi a ranta. Ta ce wannan ko daga bakin ƙofa Baba zai hango.

Ana gobe za a fara, bayan la'asar, ta gangara sito. "Auta, shigo," in ji shi kamar kullum. Ta zauna a kan bokitin fenti ta gaya masa gobe za a sabunta manhajar lissafi, ta kowa da kowa, wannan karon ba yadda za ta yi.

Ya ɗora hannuwansa biyu a kan kibod. "Za ta canza?"

"Kaɗan ne, Baba. Rubutun ma ya fi na da girma. Za ka ji daɗinta."

"Kaɗan," ya maimaita. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ga wani direba a taga ya fara karanto odarsa. Baba ya juya, yatsunsa suka kama gudu. "To, Allah ya sa alheri," ya ce mata ta kafaɗa. Ta tashi ta tafi.

Da safe ta cire tarin filas daga wuyanta ta jefa a durowa. Sai ta ji wuyan wani sakayau, har ta shafa wajen. Ta danna. A kan allonta ɗigogi suka fara juyewa daga toka zuwa kore, na ofis, na rassa, na fenti, ɗaya bayan ɗaya, aikin da a da yake cin mako guda da kuɗin mota. Na Sito ma ya yi kore. Manaja ya shigo ya tsaya a bayanta yana kallo, bakinsa har kunne, ya ce su zagaya su gani da ido. Akanta ya biyo su. Suka bi ofis-ofis, kowa na aikinsa, wasu ko sanin an yi wani abu ba su yi ba. Daga nan suka fito fili.

Tun daga nesa ta hango layin. Motoci a jere bakin sito, babu wadda ake lodawa, leburori na zaune a inuwa, direbobi sun yi cincirindo a taga. Manaja ya ƙara sauri, ya tura ƙofar ɗan ɗakin ya shiga, Akanta na biye, ita a ƙarshe.

A taga wani direba ne da ake kira Dogo, yana karanto takardarsa da muryar wanda ya gaji da maimaitawa. "Fenti fari, babban bokiti, guda arba'in, reshe na biyu." Yatsun Baba suka buga lambar fentin, suka tsallaka gurbi, suka buga arba'in, suka tsallaka, suka buga biyu, suka danna babban maɓalli. Bai taɓa linzami ba, yana can gefe ƙura ta rufe shi. Ya miƙa hannu wajen firinta yana jira. Firinta ba ta ce uffan ba.

A kan allon, daga wannan kusurwa zuwa waccan, jan rubutu ne ƙato-ƙato, kowane harafi ya kai tafin hannu: BABU RESHE NA ARBA'IN.

"Baba, lafiya?" in ji Manaja.

Baba ya miƙe tsaye da sauri. "Ranka ya daɗe, firintar nan ce. Tun safe ta ƙi. Na kashe na kunna, na canza mata takarda, ta ƙi."

"Kwamfutar fa, me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Tana karɓa lafiya lau."

Manaja ya dubi allon, ya dubi Baba, ya sake duban allon. Ba mugu ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Da farko ya ɗauka tsohon bai fahimci saƙon ba ne. Ya sassauta murya ya ce, "Baba, karanta mini abin da ke kan allon."

Baba ya koma ya zauna, ya gyara tabarau, ya matso da fuskarsa dab da allon har jan hasken ya kwanta a goshinsa. Ya ɗora yatsa a kan gilashin yana ja a hankali, kamar mai bin layi.

"An adana," ya ce. "Fenti fari, babban bokiti, arba'in, reshe na biyu."

Abin da tsohuwar manhajar ke rubutawa ke nan, kalma da kalma. Ɗakin ya yi tsit, sai fanka. Akanta ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Dogo ya leƙo ta tsakanin sanduna, ya karkato wuya har ya ga allon, takardar da ke hannunsa ta sauka a hankali. A nan Auta ta gane komai, gaba ɗaya, kamar an watsa mata ruwan sanyi. Takarda bebiya. Linzamin da ƙura ta rufe. Bar mini wannan, tana aikinta. Duk Talatar da take zuwa tana ƙara wa haruffa girma, bango take yi wa ado. Mutumin nan da yatsunsa da kunnensa yake aiki, ita kuma ta kare masa abin da ya daɗe da daina amfani da shi, ta sauya masa abin da yake tsaye a kai.

Baba ya ji shirun ya yi yawa. Ya juyo, idonsa ya bi ta kan Manaja, ya bi ta kanta, ya wuce.

"A kira mini Auta," ya ce. "Ita ta san kan abin nan."

Tana tsaye a gabansa, in ya miƙa hannu zai taɓa mayafinta. Ta kai hannu wuyanta, ta ji wayam.

"Ga ni, Baba."

Ya zabura. "Yaushe kika shigo? Ban ji ki ba."

Manaja ya leƙa taga ya ce wa direbobi su koma motocinsu a kira su, suka watse ba ko mai tsiya ɗaya. Auta ta ciro wayarta, ta shiga Mai Kawaici ta umarce ta ta mayar da kwamfutar sito yadda take jiya. Manhajar ta yi aikinta tsaf, yadda ta yi alkawari a ɗakin taro. Kafin shayi ya huce tsohon allo ya dawo. Baba ya buga odar Dogo daga ka, firinta ta fara kuka. Ya yage takardar ya riƙe, babu kowa a taga da zai miƙa wa.

"Baba," in ji Manaja, "yau ka je gida ka huta. Gobe za a kai ka wajen likitan kamfani."

"Ranka ya daɗe, ga shi ta gyaru."

"Na gani. Ka je ka huta."

A waje ya tsayar da Auta. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. "Kin sani?"

"Na san rabi."

"Motar ɗaga kaya na kai da komo a wajen nan tun safe har yamma. Tireloli na juyawa a filin nan. Da wani abu ya same shi, me za ki ce wa kanki?"

Haushinsa take ji kamar ta shaƙe shi, kuma ta san gaskiya ya faɗa.

Baba ya zare makullan sito daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya kashe fanka, ya ɗauki rediyonsa. Ta miƙa hannu za ta riƙe shi, ya janye. Ya bi jikin bango, yatsunsa na shafar siminti, kansa a ɗage, yana amsa gaisuwar leburori kowa da sunansa daga muryarsa. A jikin bangon akwai wani dogon layi da ya yi duhu ya yi santsi, daidai tsayin ƙugunsa, tun daga ƙofar sito har bakin get. Ta sha wucewa ta wajen ba ta taɓa lura ba.

Suka shiga tasi. Rediyon na kan cinyarsa ya rungume shi.

"Tun yaushe, Baba?"

"Rubutu? Tun daminar bara. Yanzu haske nake gani da inuwa."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba? Ko jiya da ka faɗa, da na san yadda na yi."

"Kina zuwa kina ƙara mini girman rubutu, kina fita da murnarki. In ce miki me?" Ya juya fuskarsa wajen taga. "Kuma da kin sani, da ba ki bar ni a wajen ba. Na san halinki, halin uwarki ne."

Ta cije leɓe don kada direban tasi ya ji kukanta. Can ya sake magana.

"Abin da ta rubuta, manya ne?"

"Manya ne, Baba."

"Kowa ya gani?"

"Kowa."

Ya gyaɗa kai. "To ai aikinki ya yi kyau."

Ba da gatse ya faɗa ba, shi ya sa maganar ta zauna mata a ƙirji ta ƙi wucewa.

Likitan kamfani bai ɓata lokaci ba. Aka sallami Baba cikin mutunci, aka yi ɗan taro, aka ba shi agogon bango a kwali. Yaya ya ji komai daga bakin wasu, ya yi fushi da ita na kwana biyu, sannan ya kwashe Baba ya mayar da shi gidansa. Aka kawo sabon mai sito, mutum mai ido biyu da fara'a, yana karɓar takarda shiru ya karanta abinsa. Direbobi sun daina karatu a taga. Auta ta goge rukunin Sito, ta haɗa kwamfutar da sauran, ta cire manhajar ƙara girma. Yanzu kowace kwamfuta daidai take da 'yar'uwarta. Manaja ya yabe ta a gaban ma'aikata, ya ce zaɓin da ta yi ya huce wa kamfani ciwon kai. Kullum da safe takan buɗe allonta ta tarar da kore daga sama har ƙasa, ta zauna tana kallo, babu inda za ta je.

Baba bai mutu ba, kamar yadda ya yi barazana. Zama kawai ya yi. An ajiye masa kujera a baranda, yana wuni a kai, rediyo a gefensa ba ya kunnawa. Matar Yaya ta ce abinci sai an yi da gaske yake taɓawa. Wani lokaci takan ga yatsunsa na motsi a kan gwiwarsa, suna bugawa, suna tsallakawa, suna bugawa.

Talatar farko da Auta ta je, ta shiga a hankali don kada ta tashe shi in barci yake. Inuwarta na faɗawa kansa ya ɗago a firgice, ya damƙe hannun kujera. "Wane ne? Wane ne a nan?" Ba ta taɓa jin tsoro a muryar mahaifinta ba sai ranar. Ta yi ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma har ta tafi hannunsa bai saki kujerar ba.

Da Talata ta zagayo, kafin ta tashi daga aiki ta buɗe durowa. Suna nan inda ta jefa su, filas-filas ɗin da babu sauran abin da za su yi wa kowa, da makullin, da ɗan sukundireba. Ta zuba su a jaka. Ta sauka daga mota a bakin layi, ta taka har ƙofar gidan Yaya, ta tsaya ta ciro su ta rataya a wuya. Sannan ta tura ƙofar ta shiga, tana taka ƙasa da ɗan ƙarfi don su yi ƙara.

Yana zaune fuskarsa na kallon katanga. Bai juyo ba.

"Auta," ya ce, "shigo."